Mai Tashi Kafin Kowa

A Sabon Gari, shagon Tanimu,
Na kai kwamfutata, ta ƙi farkawa.

Na ce babbar manhaja ce ta mace,
Ya kwance murfi yana murmusawa.

Ya nuna ɗan guntu, bai kai farce ba:
"Ga mai tashi tun kafin kowa.

Shi ke ƙirga ɗakuna, ya leƙa faifai,
Ya miƙa wa babba ragama, sai ɓacewa.

Batirinsa ya mutu, ya mance kwanan wata,
Babba kuwa shi kaɗai ba ya tasowa."

Sai na tuna Baba Jatau na sashenmu a Samaru,
Makullai a ƙugu, ƙarfe shida yake buɗewa.

Farfesa bai taɓa tambayar sunansa ba.
Ran da ya kwanta ciwo, ba shiga, ba koyarwa.

Ɗari biyar na biya.
Ƙit! Ga haske yana dawowa.