Ofishin da Ke Saman Shagon Aski

Shekara talatin da huɗu ina buga mata takardu
a saman shagon askin Tolliver,
a wani garin Mississippi da auduga ta tsotse ta tofar.
Yau nake ɗaure kwalayenta.

Odessa Pruitt. Gajera, tabarau ɗaure da zare.
Sau uku manyan lauyoyin Atlanta suka yi zawarcinta;
ta karanta wasiƙun, ta juya bayansu,
ta jera sunayen shaidu.

Ga fayil ɗin Lemuel Gaines,
da aka ɗaure kan bindigar da bai taɓa riƙewa ba.
Shekara sha tara tana bin bas zuwa gidan yari
duk Larabar farkon wata.
Ranar da alƙali ya ce a sake shi
ba ta yi kuka ba, ba ta yi tsalle ba.
Lambar takalminsa ta tambaya.

Ga na mutum ɗari biyu da sha ɗaya
da aka goge daga rajistar zaɓe.
Gida gida ta bi su, laka har ƙauri,
tana cewa gaskiya gurguwa ce,
sai an goya ta ake kai ta kotu.

Ladanta? Kwandon tarwaɗa, kwalbar zuma,
wani ya zo ya toshe mata yoyon rufi.
Bulon da aka jefo ta taga wani dare
shi ne wannan, da take danne takardu.

Ba duka ta ci ba.
Siririn nan na ɗan Verlene ne.
Ta faɗi, ta ɗaukaka ƙara, ta sake faɗuwa,
ta kwana tsaye a bakin katanga
har aka fito aka ce an gama.
Ƙarfe takwas na safe tana kan kujerarta.
Sunan yaron bai ƙara fita bakinta ba,
fayil ɗin kuma bai taɓa barin aljihun teburinta ba.

Yanzu ga motsi a matakala.
Wata mata, goyo a kafaɗa,
takardar tashi daga gida a hannu, ta jiƙe da gumi.
Na ce, ai ranar Lahadi muka binne ta.
Ta dubi kwalayen. Ba ta juya ba.

Na kwance igiya ɗaya, na jawo kujera.
Yarinyar da ta horar tana hanya, na ce.
Zauna. Faro mini daga farko.