Takalmin Ƙarfe

A Rybnik, ran Lahadi,
in mun wanke baƙin kwal daga wuya,
sai filin tsere.

Bogumil Pliszka, lamba bakwai.
Babur ba birki, mai shi ba tsoro.
A kwanar farko yakan kwantar da shi
kamar mai yi wa ƙasa raɗa,
takalmin ƙarfe na tartsatsi,
tsakuwa na yi mana ruwa a baki.
Mu tofar, mu ci gaba da ihu.

Zagaye huɗu kacal.

Jiya na gan shi a layin burodi,
da sanda, yana jan ƙafar nan ta hagu.
Na ce, har yau tsakuwarka na nan
a aljihun tsohon kwat ɗina.

Ya ce in riƙe,
akwai saura a gwiwarsa.