Ayabar Falo

Ranar da na ajiye farin kaya,
bayan shekara talatin da biyu ina juya marasa lafiya,
na tsaya wajen masu furanni a Nasarawa.
Iro ya ce, "Hajiya, wannan fa ba ta 'ya'ya, ado ce kawai."
Na ce ɗauko min ita a hakan.
A Daidaita Sahu muka iso Gyaɗi-Gyaɗi,
tukunya a cinyata, ganye yana leƙen titi.

Ganyen ya fi faifai faɗi,
da ɗigon ja kamar an yarfa masa lalle.
Na ba ta gindin tagar gabas,
inda rana ke shigowa da sallama
kafin ta soma faɗa.

Tasalla ta zo karɓar adashi,
ta dube ta sama da ƙasa.
"Ayaba a falo?
Ga ta can jibge a 'Yan Lemo,
ke kin kwaso wadda ba a ci,
har kina saya mata ruwa wajen 'yan garuwa."
Na ƙirga mata kuɗinta, ban tanka ba.

Sai na yi abin da hannuna ya saba:
safe ruwa, la'asar ruwa,
tsakar dare in haska ta da tocila.
Ganyen ƙasa ya yi rawaya, na ƙara moɗa guda.
Na biyu ya bi shi.
Da na zazzage tukunyar
wari ne ya fara gaishe ni,
saiwa ta yi baƙi, ta yi laɓo-laɓo.
Ni da ke yi wa 'yan jinya faɗa
kan ɗura wa mara lafiya kunu ba ya so,
ga ni tsugune a kan tayil
na kusa kashe ta da tarairaya.

Da tsohon almakashin aikina na datse ruɓaɓɓen,
na huda gindin tukunya,
na cuɗa yashi da busasshen takin tumaki.
Yanzu sai na tsoma yatsa zuwa gaɓa ta biyu,
in da danshi, in wuce abina.
Ran Juma'a in goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma, ciki da baya,
can ne 'yan mitsitsin ƙwari ke saƙa.
In juya ta kaɗan, kada ta karkace wajen bin haske.
Da bazara, in an ɗauke wuta,
mu biyu muke raba ruwan fesawa.

Sati bakwai shiru.
Sai ga sabon ganye a naɗe kamar wasiƙa,
kwana uku yana warwarewa,
ban sa masa hannu ba.

Jiya Tasalla ta sunkuya gyara takalmi,
ta daɗe ba ta ɗago ba.
A gindin uwar wata 'yar tsiro ta ɓullo,
tsawonta bai kai ɗan yatsa ba.
Ta ce, "In ta yi ƙwari, wa za ki ba?"
Na ce ki fara nemo tukunya mai huji.