Ci Mini, In Ji Jaɓɓi

Ranar Juma'a ana sallame salla na ɗauki jaka,
riga biyu, hula, da cajar da sai an danne ta take kamawa.
Direba ya cusa mu huɗu a baya,
kwandon kajin wani a kan cinyata har Tureta.
Daga Dange na soma ƙirga da yatsu:
shekara goma sha ɗaya rabona da Sakkwato.

Modi na tsaye bakin tasha, zare maƙale a kafaɗarsa,
daga kan keken ɗinki ya taso.
"Kai, Bakano! Mi kac ci kay yi wanga tumbi?"
Kafin in rama, kabu-kabu ya kwashe mu sai Runjin Sambo.

A zaure na tarar da Jaɓɓi.
Jaɓɓin da ke share tuwon mutum uku a makaranta,
ya miƙe yana tambayar ina ƙanzo.
Yanzu agogo na yawo a hannunsa.
Likita ya raba shi da gishiri, da mai, da jan nama,
Ige kuma na auna masa tuwo da ƙaramar mara.
Ya riƙe hannuna ya ƙi saki:
"Gobe ni ka jan ku. Ku da ci, ni da kallo."

Asabar da hantsi muna gaban tandar Kulu a Rijiyar Ɗorowa.
Na ce a ba ni waina.
Ta dube ni sama da ƙasa: "Nan masa muka toyawa."
Ta kwarara miyar sure, tsaminta ya kama ni a muƙamuƙi.
Jaɓɓi ya matso har ina jin numfashinsa:
"Ci mini waccan, mai ƙonannen gefe.
Ta yi ƙamas? Faɗa mini gaskiya."
Na ce ta yi. Ya lumshe ido.

Kwalkwalawa, ƙarƙashin gada,
kwalekwale biyu na hutawa a kan yashi.
Shi ya zaɓi ƙarfasa, shi ya yi ciniki
har mai kifin ya rantse ya faɗi.
Da aka soya, shi ya zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya,
ya turo mini tsokar, ya goge yatsu a takarda
bai kai ko ɗaya baki ba.

Da azahar hoce da ƙuli.
Da la'asar hura, ita kaɗai ya kurɓa,
ludayi uku, ba sukari.

Da dare, wajen mai balangu a Gawon Nama,
Modi ya faki idona ya miƙa masa yanka guda.
Ya karɓa. Ya juya shi a hasken fitila.
Ya kai hanci, ya daɗe.
"Ya isa," ya ce, ya ajiye a gabana.
Na tauna, naman ya ƙi wucewa.

Muna shiga gida Ige ta shinshino yaji a hannun rigarsa.
Mu biyu muka tsaya masa shaida,
ta ce shaidar kura a kan kura ba ta karɓuwa.
Jaɓɓi na ta dariya har da tari,
ya ji daɗi an zarge shi da ci.

Lahadi suka cika mini but da albasa,
da kilishi a takardar siminti, mai ya huda ta.
Ta taga ya ce: "In ka buɗe, ka kira ni."

Ban iya jira har Kano ba.
A Talatar Mafara na warware takardar, na buga masa.
Ban yi sallama ba, na kara wayar a kumatu,
na gutsura, na tauna a hankali.
Fasinjoji na kallona.
Can na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, kada Ige ta ji:
"Ƙara ɗaya."