Littafin Gwanjo

A Tsohuwar Kasuwar Gombe, bayan masu gyaran takalma,
inda Gidado ke baje littattafai a kan buhu,
na tsinci wani, bangonsa ya sha ruwa ya bushe.
Ya ce ɗari biyar, na taya ɗari uku.
Ya ce albarka, na juya, ya ce dawo.

Turanci ne, irin na karanta ka amsa,
wanda ke sa ni gumi duk ranar Laraba.
Amma a gefen kowane shafi
ga wani rubutu da fensir, ƙanana ƙanana,
kamar sawun tsuntsu a bakin rafi,
kamar an kafa danga da tsinken tsintsiya.
Gidado ya leƙa ya ce na mutanen Sin ne,
a dila ya zo, tare da rigunan sanyi.

Ban san sunanka ba, ɗan uwa,
ban ma sani ba ko ke ce.
Na dai san inda ka yi tuntuɓe:
shafi na sha bakwai, labarin ƙudan zuma,
kalmar nan doguwa kamar layin gidan mai.
Ka ja mata layi biyu,
ka danna har fensir ya huda takarda.
Ni ma nan na cije jiya bayan isha'i,
fitilar caji tana lumshe ido,
ƙanena Babawuro yana munshari a tabarma.

Malam Bappayo ya sha faɗa mana:
kada ku tsaya gaisawa da kowace kalma,
ba gidan suna kuka zo ba.
Fara duba tambaya, ka san aiken da aka yi maka
kafin ka kutsa kasuwa.
Baƙuwar kalma, tambayi maƙwabtanta,
su suka san halinta.
In kun hango "amma" ta Turawa, ku rage gudu,
kwana ce, a nan mota ke kifewa.

Ina jin sa a aji, ta nan ya shiga, ta can ya fice.
Sai da na ga hannunka yana aikata shi.
Ka zagaye jimlar farko a kowane sakin layi,
ka ja kibiya daga "ita" ka haura sama
har ka isa ga mai sunan,
kamar mai bin igiya ya gano turke.
Wani wurin ka shafe layi huɗu cur,
ka san ƙaiƙayi ne, ba tsaba.

A tambaya ta shida mun raba hanya.
Kai ka ce marubucin yabo yake yi,
ni na ji ƙanshin gatse,
irin na Goggo Dija in ta ce sannu da aiki
ga wanda ya wuni a kwance.
Na juya baya in ga wa ya ci,
an yage shafin amsoshi.
Har yau muna wannan gardama, ni da kai,
ba alƙali.

A shafi na arba'in da ɗaya fensirinka ya tsaya.
Daga nan fili ne fetal, ba sawu.
Ka gaji ne? Ko jarrabawar ce ta riske ka?
Ko an saya maka sabo, ka jefar da wannan?
Na so a ce ka ci.
Na yi maka addu'a, ko da ban san ta ina za ta bi ba.

Tawa jarrabawar saura sati tara.
Na fere fensirina da rezar Baba,
na ɗora daga inda ka ajiye.
A gefen labarin wata gada da ruwa ya ci
na rubuta da Hausa: nan akwai kwana.
Rubutuna ya fi naka girma, yana cin layi,
Malam ma kullum sai ya yi ƙorafi.