Awon Zaure

Na sauka Kwangila da hantsi,
tef ɗin awo a aljihu, biro a bayan kunne.
Kawu Nomau ne ya yi kira:
"Zo ka auna mana tsohon zauren nan,
an ce shago uku zai bayar in an kwantar da shi."

Ta Tudun Wada mai adaidaita ya bi da ni
muka kutsa Ƙofar Doka.
Can gaba na ga abin da ya saura na ganuwa,
ta gurfana kamar saniyar da ta daina tashi,
awaki na kiwo a gadon bayanta,
wani ya yanki cinyarta ya yi tubali.

Shekara goma sha tara rabona da lungun nan.
Bulo ya ci gidan dama, kwano ya ci na hagu,
namu kaɗai ya tsaya da zankwayensa huɗu,
ɗaya ya gutsure
kamar kunnen karen da ya sha faɗa.

Na sunkuya na shiga.
Sanyi ya tarbe ni, irin na bakin randa,
ba fanka, ba wuta.
A sama bakan gizo biyu sun gicciye juna,
azara a jere kamar haƙarƙari,
ta yi baƙi, amma gara ba ta samu shiga ba.

Na ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa.
A ƙasa mita biyar da ɗoriya.
Na hau turmi na sake ja, ta ragu da taƙi guda.
Na goge, na rubuta, na goge.

"Ba za ta ba ka lamba ɗaya ba,"
in ji wata murya daga dakali.
Baba Sallau ne, ashe yana nan da ransa,
shi da ya yi wa kakana cillin tubali yana yaro.
"Gindi da kauri, kai da sirantaka,
haka ake gina abin da ake so ya kwana.
Shi da taku yake awo, da kamu, da ido.
In bango ya yi masa ƙarya, tafinsa ke faɗa masa."

Ya kama hannuna, bai nemi izini ba,
ya kai shi bayan ƙyaure, inda makuba ba ta rufe ba.
Sawun yatsu ne a busasshen yaɓe,
huɗu sun tafi a miƙe,
na biyar, ɗan ƙaramin, ya karkace waje.

Na dubi nawa.
Tun ina firamare ake mini dariyar wannan yatsa.
Na sa shi a gurbin.
Ya zauna
kamar an ajiye masa wuri.

Ban ce komai ba. Shi ma ya kyale ni.
A waje wata yarinya na tallan awara,
ladan na gwada lasifika,
hadari na haɗowa ta bayan Kufena.

"Indararon gabas ya toshe," in ji shi.
"In ruwan bana ya same shi haka,
ba sai kun biya mai rushewa ba.
Jar ƙasa tifa guda, ciyawa, ruwa,
da ƙafafu shida masu cuɗawa.
Nawa biyu sun mutu tun bara."

Waya ta yi ƙara. Kawu ne.
Kuɗin makarantar 'ya'yansa gaskiya ne,
shago uku ma gaskiya ne, na sani.
Na bar ta tana ruri a kan turmi,
kusa da takardar da ban gama cikawa ba.

Na tuɓe takalmi, na naɗe wando,
na ce, "Baba, ina tsanin gidan nan yake?"