Firam Huɗu da Ƙusa Biyar

Ta shigo rumfata bayan la'asar,
a layin kafintoci, kasuwar Gadarif,
takardu naɗe cikin mayafi
kamar mai rungume da jinjiri.
"Ammi Tukur, a sa musu gilashi,
jibi zan buɗe ɗakin duba mutane."

Ban yi boko mai nisa ba,
amma shekara talatin ina buga firam,
hannuna ya san nauyin takarda.

Ta farko daga Wad Madani take,
digiri a kimiyyar abinci,
hatimi biyu, sa hannu uku,
Mahasin Abbakar Gwadabe,
magatakarda ya cinye wa kakanta harafi.
Ruwa ya lashi gefen dama.
Ta ce daren da suka baro Madani ne,
a bayan lori, jarka ta tsiyaye mata a jaka.
Na ɗaga almakashi.
Ta ce, "Bar shi, shi ma shaida ne."

Ta biyu lasisin hukuma,
lamba doguwa kamar ta tirela.

Ta uku, shekara biyu a ɗakin yara masu tamowa,
tana zagaya damtse da tef mai launi,
ja, rawaya, kore.
Takardar ba ta faɗi nawa suka koma kore ba,
ba ta faɗi nawa aka fitar a tabarma ba.
Ita ma ba ta faɗa ba,
sai ta juya tana kallon titi.

Ta huɗu ƙarama, da Turanci,
karatun waya ne, cikin dare,
duk sa'ad da aka kawo wuta,
a kan yadda ƙwaya da ƙwarya za su zauna lafiya,
da barci, da damuwa, da tafiyar ƙafa.

Ni kuwa na san ta biyar,
wadda ba jami'ar da ta buga wa hatimi.
Na san Tabawa mai godogodo
a bakin tashar Kasala,
da yarinya mai kitso biyu a gefenta
tana jiƙa tsamiya, tana tankaɗe kuka,
tana jin tsohuwa na cewa:
wannan na mai jego ne, wannan na mai azumi,
wancan direban kada a sa masa sukari,
dubi leɓensa, dubi yawan fitsarinsa.

Ina cikin yankan gilashi yaro ya kawo shayi.
Na zuba cokali ɗaya, biyu, uku.
A na huɗu ta riƙe mini hannu.
"Yaushe rabonka da awon jini?"
Na ce ina shan sassaƙe.
Ta ce, "Wane icce? Nawa? Da wace ƙwaya?"
Ta zaro biro, ta juya rasit ɗina:
kada ka bar maganin likita,
asida daidai dunƙulen hannunka,
a fi yawan miyar kuɓewa,
sobo ba zaƙi,
kuma ka bar masallacin kusa,
ka riƙa takawa na bayan kasuwar riɗi.

Na ce, "'Yar nan, da wace takardar kike mini faɗa?"
Ta ce, "Da duka.
Tsohuwa ta koya mini kallo,
makaranta ta koya mini awo,
da sanin inda sanina ya ƙare."

Ranar buɗewa na je da guduma.
Ƙusa huɗu, firam huɗu, na daidaita.
Sai ta miƙo ta biyar
da ludayin duma mai ɗinki a baki,
ya yi baƙi don shan hannu.
Na ce in yi masa gilashi?
Ta ce a'a, yana aiki ran Juma'a.

Ban karɓi kuɗin firam ba.
Ita kuwa ba ta yafe mini cokali ko ɗaya ba.
Wata uku ke nan shayina ɗaci,
na ƙara wa bel ɗina huda biyu,
limamin bayan kasuwar riɗi
har ya san sunana.